Sikanin jijiyar ƙafa a Gusau: kuɗin bai tafi a banza ba, amma sai da haƙuri

Ga masu tambayata a kan sikanin Dofla, wato hoton duba gudun jini a jijiya, da munka yi ma Baba a wani wurin ɗaukar hoto mai zaman kansa nan Gusau, gaskiya aikin ya yi, sai dai jira kam mun sha shi.

Baba na da suga da hawan jini, ga gyambo a babban yatsa ya ƙi warkewa, kuma in ya taka zuwa masallaci sai sha-raɓarsa ta riƙe, sai ya tsaya ya huta kafin ta saki. Likita ya ce kafin a ci gaba da wanke ciwo a fara duba ko jini na isa ƙafar ma tukuna, don ciwon da jini bai kai mai ba ba ya warkewa ko wane irin magani anka sa.

Ba allura ba zafi, kuma ba irin hoton ƙashi ba ne, da sauti na'urar ke aiki. Wani mai ne mai sanyi suka shafa, suna bin jijiya tun daga matsematsi har idon sawu, kana jin jinin na wucewa fuu fuu kamar zugazugin maƙeri, da anka iso ƙasan gwiwar hagu sai ƙarar ta yi rauni, ni da ban san komi ba a likitanci sai da na ji bambancin. Sun kuma auna bugun jini a hannu da idon sawu, sunka yi lissafi, sunka raba na idon sawu da na hannu. Wai in lissafin ya yi ƙasa da 0.9 hanya ta matse, na Baba ya sauka ƙasa. Mai hoton ya ƙara da cewa masu suga wani lokaci jijiyarsu kan yi tauri har lissafin ya nuna lafiya lau alhali ba haka ba, shi ya sa ba a dogara da shi kaɗai.

Ya yi ma Baba ladabi sosai, "Baba a ɗan ɗaga ƙafa, sannu Baba", wanga ya burge ni.

Inda sunka gaza: wuta ta ɗauke, injin bai tashi da wuri ba, kujeru ba su isa ba ga tsofaffi a tsaye. Takardar sakamako kuma Turanci zalla, ba wanda ya zauna ya fassara muna sai da munka koma wurin likitanmu. Shi ne ya sauya magani, ya sa a yi eko, wato sikanin zuciya, tunda matsewar jijiya ba ta cika tsayawa a ƙafa kaɗai ba, ya hana yanke kantar ƙafa da reza da tafiya ba takalmi, kuma a riƙa tsane tsakanin yatsu bayan alwala.

In za ku je ku sa ma majinyaci wando mai faɗi, ku riƙe tsoffin takardun gwaji, sannan ku kira ku ji ranar da mai hoton ke zuwa don ba kullum yake nan ba.