Unimog 404 ko Marsandi 911: wacce za ka iya tayarwa?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka tarar da tsofaffin motoci biyu a wani fili, mai su ya ce duk daga hannun soja suka fito, kuma sun daɗe a ajiye. Ɗaya Unimog 404 ce mai shan fetur, ɗayar Marsandi 911 mai jan ƙafa huɗu, kuɗin da aka sa musu kuma bai yi nisa da juna ba. Ka ce ba haya za ka yi ba, sha'awa ce kawai, kana son ka tayar da ɗaya a ranakun hutunka har ta koma kamar yadda ta fito. Ka tambaya wacce za ka ɗauka. Na taɓa sa hannu a gyaran kowaccensu, kuma shawarata ita ce 911, muddin ta cika wasu sharuɗɗa da zan zo kansu. Amma bari in fara ba Unimog haƙƙinta, don ita ce ta fi shiga raina.

Duk da tambarinsu ɗaya, asalinsu ya bambanta. Unimog 404 domin soja aka zana ta tun daga takarda. An ƙera ta a garin Gaggenau na Jamus daga 1955 zuwa 1980, guda 64,242, kuma sojojin Jamus ta Yamma kaɗai sun sayi fiye da rabi. Ita kuwa 911 'yar kasuwa ce da aka sa wa kaki. Tana cikin dangin manyan motocin Marsandi masu gajeren hanci da suka fara fitowa a 1959, aka ci gaba da ƙera su domin kasuwannin waje har 1995. Lambar ma bayani ce: 9 na nufin tan 9 idan an haɗa nauyin mota da kaya, 11 kuma ƙarfin doki 110, ko da yake na baya-baya sun fi haka ƙarfi ba tare da an sauya suna ba. A Jamus masu tsaron iyaka da 'yan kwana-kwana sun yi aiki da masu jan ƙafa huɗun sosai. Idan tarihin soja zalla kake nema, Unimog ta fi ta.

A daji ma ta fi ta, nesa ba kusa ba. Ka duƙa ka leƙa ƙarƙashin Unimog, za ka ga aksul ɗinta bai daidaita da tsakiyar taya ba, yana sama. A ƙarshen kowane aksul akwai ƙaramin akwatin giya da ke saukar da ƙarfi zuwa ƙafa, shi ya sa cikinta ya ɗaga daga ƙasa da kusan santimita 40. Tana kulle ƙafafun gaba da na baya su juya tare, casis ɗinta yana murɗewa ya bi yanayin ƙasa ba tare da ya tsage ba, sifirinta kuma na naɗi ne irin na ƙananan motoci. Ranar da na fara ganin ta tana haura gaɓar rafi, ƙafa ɗaya cikin rami, sauran ukun duk a ƙasa, na daɗe a tsaye ina kallo. 911 ba ta wannan. Sifirinta na faranti ne, cikinta ya fi kusa da ƙasa, nauyinta kuma yana nutsar da ita a taɓo. Za ta bi hanyar ƙauye da rairayi da mutuncinta, iyakarta ke nan.

Sai dai ka tuna abin da ka tambaya. Kafin ka kai ga hawan tudu, akwai shekara ɗaya ko biyu da motar za ta yi a kan katako, kai kuma kana ƙarƙashinta da sifana. A nan ne lissafin ya juye.

Injin 911 shi ne OM 352, na gas, silinda shida, lita 5.7, wanda ya fito a 1964. Duk bakaniken manyan motoci da ya kai shekara hamsin a ƙasar nan, da wuya ka samu wanda bai taɓa kwance shi ba. A kan casis ɗin 911 aka gina yawancin bas-bas ɗin molue na Legas, ita ce ta yi ta jigilar hatsi da shanu tsakanin Arewa da Kudu, kuma daga farkon shekarun 1980 kamfanin ANAMMCO ya yi shekaru yana haɗa manyan motocin Marsandi a Inugu. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne fistin, ringi, gaskit, nozul, famfon ruwa, lagireto da kuloci, duk za ka iya nemo su a Ƙofar Ruwa ko Panteka, sabo ko na hannu, in sun gagara a aiko maka daga kasuwar Ladipo ta Legas ko ta Nkpor ta jihar Anambra. Injin ba shi da kwamfuta ko ɗaya. In ya samu gas mai tsabta, iska da batir mai ƙarfi, zai tashi. Wadda muka tayar a garejin maƙwabcina, bayan mun wanke tanki, mun sauya filta, mun fitar da iska daga layin mai, hayaƙi fari ta yi na ɗan lokaci sannan ta daidaita.

Unimog kuwa injin M180 gare ta, na fetur, lita 2.2, ƙarfin doki 82, wanda asalinsa na ƙaramar Marsandi 220 ne ta shekarun 1950. Inji ne mai daɗin sauti, mai sauƙin fahimta, amma masu saninsa sun yi ƙaranci. Kaburetarta Zenith ce, wutarta volt 24, kuma a ƙirar soja an rufe fulogi da wayoyinsu da kwayil cikin sulke don kada ruwa ya shiga ko su dami rediyo. Fulogin da ke shagon unguwa ba zai hau ba sai ka sauya tsarin gaba ɗaya. Fetur da ya kwana shekaru a tanki yana zama kamar ƙaro, ya toshe duk wata ƙaramar hanya a kabureta. Wannan duk mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da ke ƙasa. Waɗancan akwatunan giya na ƙafafu da na yaba ɗazu, kowanne yana da mansa da sil ɗinsa da boris ɗinsa. In sil ya bushe, mai ya tsiyaye, wani ya ci gaba da tuƙa ta a haka, haƙoran giyar sun tafi. Ba za ka same su a kasuwarmu ba. A Jamus akwai su, don an bar tarin kayan gyara daga rumbunan soja, amma sai ka biya da kuɗin waje, ka biya jirgi da kwastan, ka zauna jira. Na taɓa jiran sil guda biyu har damina ta wuce, mota tana kan jak. Irin wannan jira ne yake kashe sha'awa, mutum ya wayi gari ya daina leƙa motar.

Aikin ma kansa a matse yake. Injin Unimog rabinsa yana cikin ɗakin direba, farfela kuma tana cikin bututun ƙarfe da ya haɗe aksul da giyabos. Sauya kuloci kawai sai an zaro injin ko an ɗaga kan motar. A 911 kana buɗe hanci ka ga komai a sarari, har ka hau kan taya ka yi aikinka.

Wasu za su ce maka ka cire injin fetur ɗin ka sa na gas, ka huta. Kada ka yarda da wannan cikin gaggawa. M180 yana ba da ƙarfinsa ne a juyi kusan 4,800 a minti, kuma a kan haka aka tsara giyoyinta shida na gaba da biyu na baya. OM 352 a 2,800 yake tsayawa, ga nauyi da girma. Ka sa inji mai jinkirin juyi, motar da aka yi ta kai kilomita 95 a awa za ta koma tafiyar tarakta. Kuma daga ranar ba gyaran tsohuwar mota kake yi ba, wata aba daban ka haɗa. Wanda yake son Unimog mai gas, sai ya nemi Unimog 416, don ita da OM 352 ta fito daga masana'anta.

Inda Unimog ta sake yin gaba shi ne girma. Tsawonta kusan mita 5 ne, nauyinta ba kaya bai kai tan 3 ba sosai, kayanta tan ɗaya da rabi. Za ta shiga gidan da ke da babbar ƙofa. 911 sai fili. Duk abin da ka kwance a jikinta nauyi ne: taya, durom ɗin birki, sifirin, giyabos. Mutum ɗaya ba ya aikinta, kana bukatar yaro ko biyu, jak na gaske, da sarƙar ɗaga inji. Idan ba ka da wurin da za ta zauna shekara biyu ba wanda zai ce ka matsar, ka sake tunani tun yanzu. A shan mai kuwa babu mai sauƙi a cikinsu: Unimog tana wuce lita 20 a kilomita 100, 911 kuma duk da girmanta ba ta fi ta sha ba.

Taya: 911 tana hawa irin tayoyin inci 20 da manyan motocinmu suka saba da su. Ta Unimog 10.5-20 ce mai faɗi, sai an nema. Kuma ina roƙonka, idan rim ɗin 911 mai zobe ne, kada ka sa masa iska da kanka, ka kai wa bakanizan manyan motoci. Zoben nan in ya fice yana kisa. Haka birki: a kowaccensu ka sauya duk robobi da bututun mai kafin ka fita titi, ko da sun yi kyau a ido. A Unimog ta soja galibi layin man birki ɗaya ne, in ya fashe a wuri guda ƙafafu huɗun duk sun saki. 911 tana da taimakon iska, don haka sai ka duba tankin iskar, ruwa yana taruwa a ciki ya ci shi da tsatsa.

To, sharuɗɗan da na ce. Na farko, ka tabbatar 911 ɗin nan LA ce ta gaske, A ɗin shi ne alamar jan ƙafa huɗu, kuma aksul ɗin gaba da akwatin raba ƙarfi suna nan lafiya. Yawancin 911 da suka yi aiki a ƙasar nan ƙafar baya kaɗai ke ja, saboda haka yalwar kayan gyaran da na faɗa ta tsaya ne a inji, giya, birki da bodi. Kayan aksul ɗin gaba kusan wahalarsu ɗaya da na Unimog. Ka kwance kusoshin tsiyaye mai ka gani: in mai ya fito baƙi, ba laifi, in ya fito kamar kunu, ruwa ya shiga, in da ɓarɓashin ƙarfe ko babu man ma sam, ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura. Ka duba ko farfelar gaba tana nan, don sau da yawa ana cire ta a sayar. Sannan ka ɗaga tabarmar ƙasan ɗakin direba, ka duba gindin gilashin gaba da ƙasan ƙofofi. Mai walda zai iya toshe rami, amma kan mota da tsatsa ta cinye ginshiƙansa aiki ne da ba ya ƙarewa. Araha ba ta ado.

Na biyu ya shafi motocin duka, kuma ya fi inji muhimmanci: takarda. Motar da aka ce daga soja ta fito, dole ka ga shaidar gwanjon da aka sayar da ita, lambar casis ta dace da abin da aka rubuta. In daga waje aka shigo da ita, ka ga takardar kwastan. Babu takarda, babu ciniki, ko kyauta aka ba ka. A halin tsaron da ake ciki, ba ka son tsayawa a shingen bincike da motar soja da ba za ka iya faɗin inda ta fito ba. Ka kuma tambayi ajin lasisin da ya dace da nauyinta, don na ƙaramar mota ba zai rufe ka ba.

Akwai kuma maganar fenti, wadda na san za ta sosa maka rai tunda ka ce kana son ta koma yadda ta fito. A Turai da Amurka masu wannan sha'awar suna mayar da koren soja har da lambobin runduna, su kai motocinsu baje-koli. A Najeriya akwai dokar 1977 da ta hana farar hula hawa mota mai fentin koren soja. Nan ma 911 ta fi sauƙi, domin ta saba da tufafin farar hula: ja irin na 'yan kwana-kwana, shuɗi, ko fari, duk sun dace da tarihinta. Unimog 404 ma an yi ta a ja, amma siffarta ba ta ɓuya, ko wane launi ka shafa mata za a yi ta tsayar da kai ana tambaya.

Da a ce ka taɓa kammala gyaran wata tsohuwar mota, kana da hanyar sayo kaya daga Jamus, kuma man ƙafafun Unimog huɗun ya fito tsab, da na ce maka ka bi zuciyarka. Tunda wannan ce ta farko, ka ɗauki wadda in ka maƙale ranar Asabar da safe, akwai dattijon bakanike da za ka kira ya zo kafin azahar. Idan ka koma filin, ka tafi da batir biyu, tocila da sifana, ka gwada juya injin da hannu kafin ka sa masa wuta. Ka ɗauko hoton farantin lambar casis, da na ƙarƙashin gaba, da na man da ya tsiyayo, ka turo mu duba tare kafin ka ba da ko sisi.