Hasumiyoyin kwali na harhaɗawa: Eiffel ta ci kuɗinta, ta Pisa kuwa sai a hankali

Hasumiyoyi huɗu ne a cikin kwalin: Eiffel ta Paris, ta Pisa da ke Italiya, Burj Khalifa ta Dubai, da hasumiyar agogo ta Makka. A wani shagon littattafai kusa da kasuwar Wunti na sayo shi, ko yara sa rage danna waya lokacin hutu. Ba ruwanka da gam ko almakashi. An riga an yanyanka kwalin, naka kawai ka ɓalle guntu ka cusa shi a ramin da ke da lambarsa.

Eiffel ce ta fi kyau, ita ce kuma ta fi cin rai. Dole ka ɗaga ƙafafun nan huɗu daidai wa daida kafin bene na farko ya zauna, in ɗaya ta karkace komai ya watse. Wannan wahalar ce ta burge ni, domin ainihin ginin ma harhaɗa shi aka yi. Guntayen ƙarfe 18,038 aka ƙera a masana'antar kamfanin Gustave Eiffel da ke gefen Paris, aka kwaso su aka haɗa da ƙusoshi kimanin miliyan 2.5, kamar yadda mai walda ke gama tagogi a shagonsa kafin ya kawo su wurin gini. An fara a 1887, aka gama a 1889 domin baje kolin cika shekara ɗari da juyin juya halin Faransa, tsayinta a lokacin mita 300. Izinin shekara 20 aka ba ta. Amfaninta wajen aika saƙon rediyo ne ya cece ta daga rushewa.

Ta Pisa ce ta ɓata mini rai. Sun yi ta miƙaƙƙiya sambal, sannan suka ɗora ta a kan gindi mai gangara, shi ke nan wai ta karkace. Autata ta ce, "Baba, da gangan suka gina ta haka?" Takardar da ke cikin kwalin ba ta da amsa, tsayi da sunan ƙasa kawai ta rubuta. Alhali labarin a nan yake. An aza harsashi a 1173, zurfinsa mita 3 kacal, a ƙasa mai taushi, kuma suna bene na uku ta fara nutsewa ta gefe ɗaya. Yaƙe-yaƙe suka tsayar da aikin kusan shekara ɗari, ƙasar ta samu ta danne. Da magina suka dawo sai suka riƙa ƙara tsayin ɓangaren da ya nutse, shi ya sa ta gaske take da ɗan lanƙwasa a jikinta. An rufe ta a 1990, injiniyoyi suka yi ta zaƙulo ƙasa daga ƙarƙashin gefen arewa, wanda ya ɗago, har ta ɗan miƙe, aka sake buɗe ta a 2001.

Burj Khalifa, mai mita 828, ba ta ɗauke mu lokaci ba. Ta Makka kuwa agogonta sitika ce mai saurin ɓarewa, abin da bai dace da agogon da faɗin fuskarsa ya kai mita 43 ba.

Da za a tambaye ni, sai in ce a saka hasumiyar masallacin Agadas, ta laka zalla mai mita 27, wadda itatuwan da suka fito a jikinta su ne matakalar masu yaɓe. Ko Gobarau ta Katsina. Yaranmu sun san Dubai a waya, waɗannan kuwa ko a hoto da yawansu ba su taɓa gani ba.

Yaron da bai kai shekara takwas ba zai yaga bakin guntayen, sai babba ya zauna da shi. In an gama a sa su cikin kabad mai gilashi, don ƙurar hunturu in ta shiga ramukan Eiffel ba ta goguwa.