Littafi, manhaja, ƙamus ko kwas: me zan saya don kalmomin IELTS da TOEFL?

Kusan duk wanda ya zo wurina yana shirin IELTS ko TOEFL, wato jarrabawar turanci da ake nema wurin mai son karatu ko aiki a ƙasar waje, tambayarsa ɗaya ce, wane littafin kalmomi zan saya. Ni kuma sai in mayar masa da tambaya, to kai a ina kake faɗuwa, a karatu ne ko a rubutu? Don wallahi abu biyu ne daban, kuma maganin ɗaya ba lallai ya yi wa ɗayan aiki ba. A karatu so ake ka ga kalma ka gane ta nan take, a IELTS minti 60 ne kacal, dogayen rubutu uku, tambaya 40, babu lokacin da za ka tsaya kana sosa kai kana cewa a ina ma na taɓa ganin kalmar nan. A rubutu kuwa kai ne za ka zaƙulo kalmar daga kanka ka ajiye ta a mazauninta tare da abokan tafiyarta, kuma cikin abubuwa huɗu da ake dubawa wajen ba da makin rubutun IELTS ɗaya sukutum a kan kalmomi yake. Da yawa suna gane kalma in sun gan ta, amma ka ce su sa ta a jimla sai biro ya tsaya cak.

Bari in fara da abin da ba a saya, don har yanzu akwai masu biyan kuɗi a kansa. Jerin kalmomin kansa kyauta ne. Wanda aka fi sani shi ne Academic Word List, ana ce masa AWL, wata malama Averil Coxhead ce ta haɗa shi a Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar Nuzilan, ya fito a 2000. Ta tara rubuce-rubucen jami'a masu kalma wajen miliyan 3.5 daga fannin shari'a da kasuwanci da kimiyya da adabi da makamantansu, ta tsamo kalmomin da ke yawo a duk fannonin, sai ta samu gida 570. Na ce gida ne saboda kowace kalma da iyalinta take tafe, analyse da analysis da analytical duk gida ɗaya ne. Ta raba su rukuni goma, tara na farko 60-60, na ƙarshe 30, kuma na farkon su suka fi yawan fitowa, irin su assume da factor da significant da indicate da vary. Kusan kalma ɗaya cikin kowace goma a rubutun jami'a daga jerin nan take, kaga kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma fa ka lura, da gangan ta cire kalmomi 2,000 na yau da kullum don ta ɗauka ka riga ka san su, in har waɗancan ma suna ba ka wahala to dan Allah kar ka fara da AWL tukunna, gini ne za ka ɗora ba tushe.

Akwai wani jerin kuma, Academic Vocabulary List na Dee Gardner da Mark Davies da ya fito a 2014, kalma 3,000 daga rubutun ilimi na Amurka mai kalma miliyan 120. Ya fi sabunta ya fi faɗi, sai dai ga mai jarrabawa nan da wata biyu ko uku ni AWL nake cewa a riƙe, rukuni na ɗaya zuwa na biyar ma sun isa ka ji canji. Matsalar jeri dai ɗaya ce ko wanne ne, sunayen kalmomi ne kawai a jere, ba ya gaya maka yadda ake aiki da su. Duk abin da za ka kashe kuɗi a kai to ya zama mai cike wannan giɓin ne.

Manhajar kati ita ce ta fi ruɗar mutane, saboda tana sa ka ji kamar kana ci gaba kullum. Dabarar da ke ƙarƙashinta gaskiya ce, tun 1885 wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna yadda mutum ke saurin manta abin da ya haddace in bai koma kai ba, shi ya sa manhaja irin Anki ke dawo maka da kalma daidai lokacin da ta kusa kuɓuce maka, wadda ka iya a jinkirta ta, wadda ka kasa a dawo da ita gobe. Anki kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, a iPhone ne ake saya. Quizlet ta fi kyan gani da sauƙin farawa amma wasu ɓangarorinta sai ka biya. In ma waya na ɗauke maka hankali, katin takarda a akwati mai gida-gida yana yin aikin nan, wanda ka ci ka matsar da shi gida na gaba, wanda ka faɗi ya koma na farko. Inda ake yin kuskuren shi ne mutum ya sauke katunan da wani ya haɗa, kalma a gaba ma'ana a baya, ya yi ta dannawa. Wannan karatu kawai yake taimaka wa, shi ma rabi. Ka haɗa naka da hannunka, a gaban katin ka rubuta cikakkiyar jimla da ka tsinta a abin da ka karanta ka bar gurbin kalmar, a baya ka sa kalmar da wadda take bi mata. Sannan ka sani in ka tsallake kwana huɗu biyar katunan taruwa suke su yi maka tsibi, daga nan ne yawanci ake watsar da ita, don haka sababbi goma a rana sun wadatar, kar ka kwashi hamsin don zumuɗin makon farko.

Littafi kuwa, biyu ne nake iya tsaya musu. Academic Vocabulary in Use na Michael McCarthy da Felicity O'Dell, bugun Cambridge, darasi 50, kowane darasi shafi biyu ne, hagu bayani dama aiki. Abin da nake so da shi ba kalma tsura yake ba ka ba, yana koya maka yadda ake bayyana sanadi da sakamako, yadda ake kwatanta abu biyu, yadda ake maganar alƙaluma da jadawali, yadda ake sassauta magana kar ka yanke hukunci da ƙarfi, kuma ko bayan jarrabawa in ka shiga jami'a zai ci gaba da yi maka aiki. Na biyu Cambridge Vocabulary for IELTS na Pauline Cullen, shi an tsara shi ne bisa batutuwa kamar muhalli da lafiya da ilimi da fasaha tare da tambayoyi irin na jarrabawar, akwai na matsakaita akwai kuma Advanced ɗin na masu neman maki 6.5 zuwa sama, a IELTS kuwa 9 ne ƙarshen maki. In IELTS ce kaɗai a gabanka kuma lokaci ya ƙure, na Cullen. In TOEFL ce ko kana da wata huɗu biyar, na McCarthy. Kar ka sayi duka biyun lokaci guda, ɗaya zai kwanta ne ya sha ƙura. Kuma ka duba bangon ka tabbata mai amsoshi ne a baya, littafin aiki ba amsa ga mai karatu shi kaɗai asarar kuɗi ce kawai.

Yanzu ga wanda nake ganin an fi rainawa alhali shi ya fi gyara rubutu, wato ƙamus, amma ba kowanne ba. Ƙamus mai fassara daga turanci zuwa harshenka yana fitar da kai kunya a gaggauce, sai dai ba zai hana ka rubuta shirme ba. Wata ɗaliba da nake duba wa insha'i ta san kalmar research sarai, ta haddace ta, amma a takardarta sai na ga scientists made a research har sau uku. Ma'anar ba ta ɓace mata ba, abokan tafiyar ne ba ta sani ba, a turanci conduct research ake cewa ko carry out research, kuma ba a sa mata harafin nan "a" na turanci a gabanta. A wannan takardar dai ta rubuta economical problems tana nufin matsalar tattalin arziki, alhali economical na nufin abu mai tsimin kuɗi, economic take nema. Muka buɗe ƙamus na masu koyo tare, ta ga jimlolin misali a jere, ta yi shiru can ta ce ashe duk wannan na ciki. Irin su Oxford Learner's da Longman da Cambridge duk suna da shafin intanet kyauta, Longman ma da kalmomi wajen 2,000 masu sauƙi yake bayanin kowace kalma don kar bayanin ya fi kalmar wuya. In kuwa za ka sayi ƙamus ɗaya tak don rubutu to Oxford Collocations Dictionary, shi aikinsa kenan, ya nuna maka wace kalma ke bin wace. Dubi ɗan abin nan da ke cinye maki a aikin farko na rubutun IELTS inda ake ba ka jadawali ka bayyana da kalma 150 ko fiye, an increase in prices ne in kana faɗin abin da ya ƙaru, an increase of 5 percent in kana faɗin yawan ƙaruwar. Babu jerin kalmomin da zai koya maka wannan.

Ga mai matsalar karatu kuma, tsofaffin tambayoyi sun fi komai. Littattafan Cambridge IELTS masu lamba, kowanne da cikakkiyar jarrabawa huɗu, ka tabbata Academic, wato ta masu neman shiga jami'a, ka ɗauka in ita za ka rubuta, don akwai General Training kuma karatunsu da rubutunsu ba ɗaya ba ne. Sirrin sashen karatu shi ne yawanci ba sa maimaita kalmar da ke cikin rubutun a tambaya, rubutu ya ce declined sharply tambaya ta ce fell rapidly, in ba ka san su biyun abu ɗaya suke nufi ba, sai ka wuce amsar tana kallon ka. Shi ya sa bayan ka gama gwaji kar ka tsaya a ƙirga maki, koma kan kowace tambaya ka nemo kalmar da aka musanya ka rubuta su biyu-biyu, su ne katunanka na gobe. Paul Nation, wani masanin koyon kalmomi, shi ma daga jami'ar can ta Wellington, ya ƙiyasta cewa don ka karanta rubutu ba tare da taimako ba sai ka san kashi 98 cikin 100 na kalmominsa, wato baƙuwa ɗaya cikin hamsin, kuma hakan na buƙatar gida 8,000 zuwa 9,000. Gida 570 ba za su kai ka can su kaɗai ba, sai da karatu mai yawa kullum, ko da shafi biyu ne na labarin kimiyya ko tattalin arziki.

Abin da ke ɓata min rai kuwa shi ne fayilolin nan da ake tallatawa, manyan kalmomi dubu da za su ba ka maki 9. Na ga wanda ya biya aka turo masa, muka buɗe, rabi kalmomin GRE ne, wata jarrabawa daban ta masu neman digiri na biyu, irin su obsequious da ba za ka taɓa buƙata a insha'in kalma 250 kan cunkoson motoci ba, sauran kuma jimloli ne na haddacewa. Masu duba IELTS an horar da su gane abin da aka haddace, kuma babbar kalma a inda ba mazauninta ba rage maka maki take. In jimlolin rubutun ilimi kake so ka gani, Academic Phrasebank na Jami'ar Manchester na nan kyauta, ka duba yadda ake gina su amma kar ka kwafe su ɗungurungum.

Kwas da malami fa? Tambaya ɗaya za ka yi kafin ka biya, za a riƙa gyara min rubutuna da hannu, sau nawa a mako? In amsar ita ce bidiyo ne da jerin kalmomi, riƙe kuɗinka. In kuwa akwai mai karanta insha'inka ya ja layi ƙarƙashin made a research ya sa ka sake rubutawa, to ya cancanci kuɗinsa fiye da duk abin da na lissafa, don shi ne kaɗai ke ganin kuskuren da kai ba ka san kana yi ba.

In kuɗinka na abu ɗaya ne kuma karatu ke kayar da kai, sayi tsofaffin tambayoyi ka haɗa da AWL da Anki. In rubutu ne, mai gyara, in babu hali ƙamus ɗin abokan tafiya, ka riƙa rubuta insha'i biyu a mako kana duba kowace kalmar da ka yi shakka a kanta kafin ka wuce. Wanda kuma jarrabawarsa saura mako uku, kar ya buɗe sabon littafi ko ɗaya, ya tsaya kan rukuni biyu na farko na AWL, gida 120 kenan, ya tabbata kowace zai iya sa ta a jimlar da ya ƙirƙira da kansa.