Gargaɗi ga Direbobi kan Mai Yawo da Faifan Birki a Ranakun Kasuwa

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwana direbobin haya da masu motoci a yankin Gumel da Maigatari da ƙauyukan da ke kewaye, domin abin da ya same ni ba na fatan ya sami wani.

Akwai wani mutum da ke zagaya tashoshin mota a ranakun kasuwa, but ɗin motarsa cike da faya-fayan birki da diram, wato ƙarafan da ke juyawa tare da taya waɗanda birki ke kamawa, yana cewa 'yan Beljiyam ne. Ya same ni a lokacin da sitiyarin Golf ɗina ke karkarwa duk sanda na taka birki. Bai auna komai ba, ya dai shafa faifan da yatsa ya ce ya mutu, ko an kai shi inji an kankare asarar kuɗi ce. Daga nan ya fito da wasu guda biyu masu ƙyalli, an shafe su da mai an naɗe a leda, ya yi mini ragi a kan zai karɓi tsofaffin nawa, ni kuwa na ga sauƙi na amince.

Ba a yi wata guda ba, wata ranar Alhamis ina dawowa daga kasuwar Maigatari da fasinjoji da kaya, bayan na sha taka birki saboda cunkoso, sai garken shanu ya ratso titi. Na taka, motar ta ƙi kamawa yadda ta saba, warin ƙuna ya cika ciki, da ƙyar na sauka gefen hanya. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni.

Wani dattijon makanike ne ya kwance tayar, ya ɗora ma'auni a kan faifan, ya ce mini: "Ɗana, wannan ai ragowar 'yan gwangwan aka sayar maka." Faifan gaba irin na motata yana fitowa da kaurin milimita 20, kuma kamfani ya ce idan ya sauka ƙasa da 18 a jefar da shi. Wanda aka sayar mini bai cika 16 ba, ga ƙananan tsage a fuskarsa. Ya nuna mini wurin da ake buga iyakar kaurin, inda ake ganin haruffan MIN TH da lamba, ashe an goge shi da giranda an bi da baƙin fenti.

Abin da ya kamata kowane direba ya fahimta shi ne, kankare faifai a inji ba laifi ba ne, gyara ne da aka sani, matuƙar bayan an gama kaurinsa bai sauka ƙasa da lambar da aka buga ba, kuma babu tsagewa a jikinsa. Amma aikin faifai shi ne ya shanye zafin da birki ke haifarwa, idan naman ƙarfen ya ƙare sai ya yi zafi nan da nan, birki ya daina kamawa a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Shi diram kuwa faɗin cikinsa ake aunawa, shi ma yana da iyakarsa a rubuce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tsofaffin nawa da ya tafi da su ba a taɓa kankare su ba, kuma ina kyautata zaton gyara kaɗan suke nema, watakila ma yanzu ya sayar wa wani da sunan Beljiyam.

Saboda haka duk wanda aka ce masa faifansa ya mutu, ya nemi a auna a gabansa, a tsakiyar inda fad, wato abin da ke matse faifan idan an taka birki, ke gogawa, ba a bakin da ke da tudu ba. Faifan da lambarsa ta goge kada a saye shi komai arharsa, kuma idan canji ya kama a canza hagu da dama tare. Na kai faya-fayan biyu wurin shugabannin tasharmu, suna nan a ajiye ga duk direban da ke son ya gani da idonsa, kuma ina roƙon wanda ya riga ya sayi irinsu ya je a auna masa kafin ya sake ɗaukar fasinja.