Horon agajin gaggawa da aka yi wa 'yan ƙwallon garinmu

Masu kulob na ƙauye, musamman mu nan yankin Ringim, in kuka samu dama ku kawo wa yaranku horon agajin gaggawa to wallahi kar ku tsaya jan ƙafa. Mu karo-karo muka yi aka ɗauko mana malaman agaji daga Dutse, a ajin firamare aka yi, kuma tsakani da Allah kuɗinmu bai tafi a banza ba.

Abin da ya fi shiga raina shi ne danna ƙirji. Kowa ya san yadda ake yi a filinmu in yaro ya yanke jiki ya faɗi, a yi masa caa a ka, wannan na fifita da riga wancan na ɗura masa fiya wata a baki alhali ma bai san inda kansa yake ba, sai a cicciɓe shi a ɗora a mashin a kama hanyar yashi. To malamin ya ce in numfashi ya tsaya ƙwaƙwalwa ba ta wuce 'yan mintuna take fara lalacewa, kafin ka isa asibiti an gama. Ka kwantar da shi a ƙasa mai tauri, ka haɗa hannu biyu a tsakiyar ƙirji ka danna sau 30 ka hura iska sau 2, da sauri kamar 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota. Da irin wannan danna ƙirjin, haɗe da na'urar farfaɗo da zuciya, aka ceto Eriksen ɗan wasan Denmark a 2021 kowa ya gani a gidan kallo, mu kuma manyanmu har yau suna maganar Samuel Okwaraji ɗan wasan Najeriya da ya faɗi a fili ya rasu a Legas a 1989 a wasanmu da Angola.

Sai karaya. Na ji daɗi bai zagi masu ɗori ba, ya ce kawai kar a ja ƙafar kar a murɗa, a tallafe ta da katako ko kwali a ɗaure, a je a yi hoto tukuna, in ƙashi ya fito waje kuwa asibiti kai tsaye. Wanda ya bugu a wuya ko gadon baya kar a ɗaga shi sam. Ya taɓo zafin bazara, da yaran da ke iyo a kogi da damina, da mai farfaɗiya da ake cusa wa cokali a baki, ya ce a daina, a jira ya lafa a juya shi gefe.

Inda suka gaza, mutum-mutumin roba ɗaya tal suka zo da shi ga mu cike da aji, wasu ko taɓawa ba su yi ba har aka tashi, kuma wannan abu hannu ke koyonsa. Takardar da suka raba da turanci ce, rabin yaranmu ba sa iya karantawa. Saran maciji kuma a gurguje aka wuce shi, ga mafarauta sun zo musamman don shi.

Duk da haka zan sake kiransu bayan girbi, amma da sharaɗin su zo da roba biyu ko uku, da malama mace saboda matan gari su ma sun tambaya.