Ajin koyon magana da Turanci na yamma a Agege: abin da ya ci kuɗinsa da abin da bai ci ba

Duk wanda ya tambaye ni ko ajin nan ya cancanci a biya masa kuɗi, amsata ita ce e, amma ba don abin da suka rubuta a allon talla ba. A allon sun yi alkawarin mayar da harshenka irin na mutanen Landan. Wannan ka ajiye shi gefe. Darajar wurin ita ce ɗaki ne da dole ka buɗe baki ka yi magana, babu hanyar zillewa.

Ina aikin kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Ikeja, wajen titin Oba Akran. Rubutu bai taɓa ba ni wahala ba, rasit da lissafin kaya da imel duk ina yi. Na samu kiredit a Turanci a WAEC. Amma kowa ya san yadda ake jarrabawar furuci a nan Najeriya: a takarda ake yin ta, ka zaɓi A ko B ko C ko D, ka kwashe maki ba tare da ka furta ko kalma ɗaya ba, kamar a ba mutum lasin tuƙi bai taɓa riƙe sitiyari ba. Sai ka zo Legas. A kasuwa da cikin danfo buroka ta ishe ka, a Agege kuwa Hausa kaɗai ma za ta kai ka dare. Ranar Litinin ce matsalar, idan manaja ya juyo a taro ya ce ka yi bayanin dalilin da kaya suka yi ƙasa a sito. Amsar tana nan daram a kaina, amma kafin in tsara ta da Hausa in juya ta, wani ya riga ya karɓe zancen. Kuma wanda ya yi magana shi ake ɗauka ya san aiki.

Ajin yana saman wani shago, 'yar tafiya kaɗan daga tashar jirgin ƙasa ta Agege, don haka mai tasowa daga Ikeja ko Oshodi zai iya kauce wa cunkoson titi. Bayan sallar magariba ake farawa, kuma na ji daɗin wannan, don yawancinmu Musulmi ne. A cikinmu akwai dillalin tumatir daga Mile 12, da direban wani kamfani, da ma'aikaciyar jinya da ke zuwa tun daga Idi-Araba, da samari masu sana'ar POS. Mai koyarwar Bayarabiya ce, tsohuwar malamar sakandare, mu dai Malama muke ce mata.

Ga abin da ya sa nake yaba mata. Tana da wani tsohon gwangwanin madara cike da takardu a nannaɗe. Ka sa hannu ka zaro ɗaya, ka tarar da wani yanayi na wurin aiki: kwastoma ya kira yana faɗa kayansa ba su iso ba, ko kana neman izinin zuwa gida wajen oga, ko an kawo maka katan ashirin alhali takarda ta ce talatin. Ka miƙe tsaye, ta danna agogon waya, ka yi magana minti ɗaya zuwa biyu ba shiri. Ta ce daga Toastmasters ta ɗauko dabarar, ƙungiyar nan ta koyon jawabi da aka kafa a Amurka a 1924, wadda ke da rassa a nan Legas ma. Babban abin shi ne ba ta katse ka. Ko ka karya nahawu sau nawa, tana zaune tana rubutu a littafinta har ka kai aya. Sai ka zauna sannan ta zaɓi gyara biyu kacal ta ba ka, sauran ta bar su sai wani jiƙon. Da wannan ne tsoron ya fara sakina, don abin da ke ɗaure harshen yawancinmu shi ne fargabar a yi mana dariya a tsakiyar magana.

Sai batun P da F, wanda kowane Bahaushe ya san da shi, tun da a harshenmu sauti guda ne yake ɗaukar nauyin biyun. Malama ta yanka takarda siririya ta ba kowa ya riƙe a gaban bakinsa. “Alhaji, haɗa leɓɓanka biyu, sannan ka sake iskar gaba ɗaya,” in ji ta ga dillalin tumatir. Idan P ce ta fito daidai, takardar sai ta yi tsalle. Idan F ake so, haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta riƙa zirarewa a hankali. Haka B da V. Dattijon nan ya yi ta maimaitawa har takardar ta motsa, ajin ya ɗauki tafi. Kuma ba ta taɓa mayar da abin ba'a ba, takan ce su ma Yarbawa suna da nasu fama da harafin H. A wurina wannan ba kwalliya ba ce. Lambobin kayanmu cike suke da haruffa, kuma idan ka karanta wa direba lamba ta waya ya ji F a inda kake nufin P, wani katan daban zai loda. Ita ta koya mana kiran haruffa irin na matuƙan jirgin sama, Papa da Foxtrot da Bravo da Victor, kuma yanzu da su nake aiki a sito.

Aikin gida saƙon murya ne na minti ɗaya a WhatsApp kowace rana, ka faɗi yadda aikinka ya kasance, ita ma ta amsa da murya. Ta kuma haɗa mu da shirin 6 Minute English na BBC, wanda kyauta ne kuma akwai rubutaccen zancen a shafinsu. Ka saurari jimla, ka tsayar, ka maimaita da ƙarfi.

Inda suka gaza kuwa ba zan ɓoye ba. Akwai darasin ranar Asabar da ake biyan kuɗinsa daban, wanda wani matashi ke koyarwa da karyayyen harshen da shi kansa aro ya yi. Awa biyu ana lanƙwasa baki don a yi kama da Bature. Babu manajan da ya taɓa neman wannan a wurina, so yake ya gane abin da na ce tun a karon farko. Littafin da suke sayarwa kwafin wani tsohon littafi ne, hirarrakin cikinsa na dusar ƙanƙara ne da jirgin ƙasan Landan, kuma ba su ambaci kuɗinsa da na rajista ba sai bayan na biya na wata. Wannan bai dace ba. Sannan sun cakuɗa masu digiri da waɗanda yanzu suke haɗa jimlar farko, har mai rauni yakan yi shiru don kunya. Idan Nepa ta ɗauke wuta, janareton shagon ƙasa yana hana jin na bayan aji, a darasin da jin magana shi ne komai. Ma'aikaciyar jinyar nan ma ta sha roƙon a buɗe ajin safe a ƙarshen mako saboda mata masu komawa gida da nisa cikin dare, har yanzu shiru.

Mai shirin rubuta jarrabawar Turanci ta IELTS don fita waje, nan ba wurinsa ba ne, ya nemi bayani daga British Council da ke Ikoyi. Mai neman satifiket ma kada ya ɓata kuɗinsa, takardar da suke bayarwa babu kamfanin da zai tambaye ka ita. Amma idan kana da Turancin a ka, bakin ne ya ƙi, ka je ka roƙi su bar ka ka zauna darasi ɗaya kafin ka biya. Ka tabbatar ajin Malama ne, ka kuma lura da minti nawa ɗalibai suka yi suna magana, nawa mai koyarwa ta yi. Ni na sabunta rajistar wata mai zuwa, ban da ta Asabar.