Ƙofar ƙarfe da ake sayarwa da sunan mai hana harsashi: abin da na gani bayan shekara biyu

Shekara biyu ke nan da na sa wa gidana ƙofar ƙarfe irin wadda 'yan kasuwa ke kira 'yar Turkiyya. Na saye ta a wani shago cikin kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a Kano, kuma abin da ya ja hankalina gare ta har na bar ƙofar walda ta gida shi ne maganar da mai shagon ya yi ta nanatawa, wai harsashi ba ya huda ta. Ya ƙwanƙwasa ta da makullin mota, ta ba da amo mai nauyi, sannan ya ce, "Alhaji, wannan ko AK aka sakar mata, iyakarta ta kankare fenti." Kuɗinta ya kusa na ƙofofin walda uku, na biya ban ja ciniki sosai ba, domin a lokacin labarin masu garkuwa da mutane ya cika kunnen kowa.

Adalci ne in fara da abin da ta yi daidai. Firam ɗinta ya zauna cikin bango daram, kubarta tana tura sakata wurare da yawa da murɗawa ɗaya, sama da ƙasa da gefe, ta yadda mai son ɓalle ta da ƙarfen banƙara zai sha wahala kuma zai tashi unguwa. Robar da ke gewaye da bakinta tana tare ƙurar hunturu fiye da kowace ƙofa a gidan, fentinta kuma ya jure ranar bazara biyu, in ban da ƙasan ƙyauren inda feshin ruwan damina ya fara kawo tsatsa.

Asirinta ya tonu ne ranar da kubar ta cije, na kira mai gyara ya zare ta gaba ɗaya. Ta ramin da ya buɗe muka leƙa cikin ƙyauren, sai ga fallen ƙarfe biyu, na waje da na ciki, tsakaninsu kwali mai ramuka kamar saƙar zuma. Mai gyaran ya auna fallen, ya sami kaurin kowanne bai wuce milimita 1.5 ba. Amon nan da ya burge ni a shago ashe na cikon da ke tsakiya ne da katakon ado da aka manna a fuska.

Ban harbi ƙofar ba, kuma ban shawarci kowa ya gwada ba, domin lissafi kaɗai ya isa. Harsashin fistol mai milimita 9 da na AK-47, wanda lambar girmansa ita ce 7.62x39, nauyinsu kusan ɗaya ne, wajen giram 8, amma na fistol yana barin bakin bindiga da gudun mita 350 zuwa 400 a daƙiƙa, na AK kuwa ya haura mita 700. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu ninkawa huɗu yake yi, shi ya sa na AK ke ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan huɗu na na fistol, ga shi da tsini, kuma da yawa daga cikinsu zuciyarsu ƙarfe ce maimakon dalma. Na bindigar G3, wato 7.62x51, ya fi shi nauyi da gudu duka. Fallen ƙarfe na yau da kullum mai milimita 1.5, ko da biyu ne, ba abin dogaro ba ne a gaban fistol ma, balle bindigar yaƙi. Abin da ke tsayar da harsashin bindigar yaƙi shi ne ƙarfen sulke da aka ƙona aka taurara, mai kaurin milimita 6 ko fiye, wanda taurinsa ya ninka na ƙarfen walda sau uku zuwa huɗu. Murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai milimita 6 yana da nauyin kilo 47, don haka ƙyaure mai tsawon mita 2.1 da faɗin santimita 90 zai doshi kilo 90 tun kafin a sa masa kuba da firam. Tawa kuwa yara biyu ne suka sauke ta daga a-kori-kura suna hira, kuma da na san wannan lissafin a ranar, da wannan kaɗai ya ishe ni shaida.

Turai tana da ma'auni biyu daban game da ƙofofi, kuma cakuɗa su ne ke yaudarar mai saye. Akwai EN 1627, wanda ke auna juriyar ƙofa ga ɓarawo, daga RC1 zuwa RC6. Ƙofar RC3, alal misali, an gwada ta ne da mutum riƙe da ƙarfen banƙara na tsawon minti biyar. Akwai kuma EN 1522, wanda shi ne na harsashi, daga FB1 zuwa FB7: FB2 na fistol mai milimita 9 ne, FB4 na bindigogin hannu masu ƙarfi irin su .44 Magnum, sai an kai FB6 ake maganar harsashin 7.62x51, irin na G3. Ƙofa tana iya zama gwana a ma'aunin farko ba ta taɓa shiga na biyu ba. Na koma shagon na nemi takardar gwaji, mai shagon ya karɓe ni da fara'a, ya aika aka kawo mini ruwan sanyi, amma abin da ya iya nuna mini shi ne littafin hotunan ƙofofi. Ban ɗauka da gangan ya yi mini ƙarya ba. Alama ta nuna shi ma haka aka gaya masa, ya ɗauka ya maimaita.

Wannan bincike ya sa na dubi sauran gidan da wani ido. Ko da ƙofar ta sulke ce ta gaske, bangon da ke riƙe da ita bulo ne mai rami, inci shida, kuma harsashin bindigar yaƙi yana ratsa irin wannan bulo idan ba a cika ramukansa ba. Ƙofar mota fallenta bai kai milimita ɗaya ba, fistol ma tana wuce ta. Injin ne ɓangaren mota da ya fi tare harsashi. Firji da katifa da kabad suna ɓoye mutum daga ido, iyakarsu ke nan. Abin mamaki shi ne kayan da muke rainawa sun fi waɗannan duka. Yashi yana shanye ƙarfin harsashi, shi ya sa ake jera buhunansa a shingayen sojoji a kan hanyoyinmu, kuma katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajen cikin birni tana yin irin wannan aiki, kamar yadda sojojin ƙasashen waje suka gani a ƙauyukan Afghanistan, inda garun laka ya riƙa tsayar da harsasansu.

Ga wanda damuwarsa ɓarawon tsakar dare ne mai ɓalle ƙofa, wannan ƙofar ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin a sa magini ya zuba kankare cikin firam ɗin, a kuma nemi kuba ta biyu a ajiye, domin irin tata ba ta samuwa a kowane shago. Wanda kuwa harsashi yake tsoro, ya tambayi lambar FB, ya nemi takardar ɗakin gwajin da ya bayar da ita, ya kuma tambayi nauyin ƙyauren kafin ya tambayi farashi. Ni dai na bar tawa inda take, na sa birkila ya cika ramukan bulon ɗakin kwanan yara da kankare, kuma aikin bai ci rabin kuɗin ƙofar ba.